In mayar da Hajiyarmu asibitin kuɗi na unguwa ko mu ci gaba da na gwamnati?

Ummu Khairat: Slm 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema. Hajiyarmu shekararta 67, tana da hawan jini da suga, shekara shida muna kai ta asibitin gwamnati a nan Kano. Likitocin ba laifi, layin ne matsala, muna idar da asuba za mu fita mu ajiye kati amma sai wajen azahar za ta ga likita, ga shi ba ta karya ba saboda awon suga, wancan zuwan har jiri ya ɗebe ta a kan benci. Kuma duk zuwa sabon likita, sai ka faro labari daga farko. Akwai wani ƙaramin asibitin kuɗi a bayan layinmu, likita ɗaya ne, yana zama daga la'asar zuwa isha. Wa ya taɓa bin irin wannan da mai ciwo irin nata? Amlodipine da metformin take sha, ba ma so a canja mata.

Baban Sultan: Allah ya ba Hajiya lafiya. Ki dinga dafa mata zogale da tafarnuwa, kawuna da shi ya rabu da hawan jini.

Ummu Khairat: Amin na gode, amma asibiti nake tambaya.

Maman Hanif: 'Yar uwa ni ko sunan irin asibitocin nan ba na son ji. Babanmu mai suga ne, wani dare jikinsa ya rikice muka ruga na kusa da mu, aka ce likita ya tashi, wata yarinya muka tarar da farin kaya, ko yatsansa ba ta huda ta auna ba kawai ta ɗaura masa ƙarin ruwa. Ina ta ce mata mai suga ne fa, ta ce in fita in ba ta waje tunda ba ni na yi karatun ba. Leda biyu ta sa masa, kafin asuba Baba ba ya gane kowa. Da likitan ya zo da safe ko haƙuri bai ba mu ba, takarda ya rubuta mu wuce babban asibiti, kuma wlh sai da muka biya dubu 48 kafin su buɗe mana ƙofa, yayana agogonsa ya ajiye jingina. Kwana tara Baba ya yi a kwance, har yau ƙafarsa ba ta dawo daidai ba.

Hajjo: Innalillahi. Sannu Maman Hanif, kun kai ƙara kuwa?

Maman Hanif: Ƙara wajen wa? Mun bar su da Allah.

Nas Auwal: Akwai wajen kai wa, PHIMA ce ke kula da asibitocin kuɗi a Kano kuma tana rufe masu aika-aika. Ummu Khairat kafin ki buɗe kati ki nemi ganin lasisin wajen, ki tambaya ko likitan yana da rajista da MDCN, hukumar da ke yi wa likitoci rajista a Najeriya, sannan wa ke kwana da dare, nas ce ta gaske ko wadda ta koya a hannu. Kuma kar a jefar da katin gwamnati, mai suga yana buƙatar awon ƙoda da duba ido lokaci-lokaci.

Baban Sultan: Ku ma'aikatan lafiya ai bakinku ɗaya, ba kwa faɗin laifin juna.

Nas Auwal: Malam kai da ka ce a dafa zogale ne za a bi? Shekarata 11 ina aiki a ɗakin marasa lafiya.

Maman Hanif: Ita ma wadda ta sa wa Baba ruwan cewa ta yi ta daɗe tana aiki.

Hajjo: Gaskiya ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Namu likitan ya san surukata da suna, ko ƙafarta ta kumbura ta waya muke kiransa. Kati dubu 3, ganin likita dubu 2.

Abu Sadiq: Dubu 2 a wace shekarar? Satin jiya dubu 10 na biya kafin ma in zauna.

Dan Kurna: Ni ko tuntuɓe na yi na je, maleriya da taifod za a ce 😂

Abu Sadiq: Ganin likitan ma mai sauƙi ne, maganin ne ke kashe mu. Abin da nake saya wa mahaifiyata na wata guda yanzu ko sati biyu ba ya kaiwa. Tunda aka tashi 'yan magani daga Sabon Gari aka mayar da su Dangwauro a 2024 kuɗin mota ma ya ƙaru a kai.

Nas Auwal: Don a rage jabun magani aka yi hakan ai, magani a rumfa cikin zafin rana lalacewa yake yi.

Abu Sadiq: To mai kemis ɗin unguwarmu kullum da sabon farashi, in ka yi magana ya ce dala.

Ummu Khairat: Hajjo dan Allah naku likitan ya canja wa surukarki magani da kuka koma wajensa? Ranar Talata ce ranar komawar Hajiya.

Baban Sultan: Abu Sadiq nawa kake sayen katin metformin yanzu?