Baƙin man mota na SP zai yi wa injin jirgin ruwa?

Jama'a, a taimaka min da shawara. Ina da injin Yamaha mai fo-sitirok da nake jigilar fasinja da shi a Yauri. Littafinsa ya ce a zuba baƙin mai mai lambar kauri 10W-30, mai matakin inganci na API SJ ko SL. To, yanzu duk shagon da na shiga sai sababbin matakai, SN ko kuma SP da ya fito a 2020. Mai shago ya ce sabo ya gaji tsoho, in zuba kawai. Bakanike kuwa ya hana, wai man mota ba ya jure danshi da tsatsa, sai mai tambarin FC-W, wato wanda aka yi don injin jirgin ruwa. Shi kuma ya yi wuya, ga tsada. Akwai wanda ya daɗe yana zuba SP bai ga illa ba?