Ƙanena na karatu a Hungari, dokar kwana 90 ɗin ga ta hau kansa?

Baban Hafsat, Birnin Kebbi:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masana abin ga ku taimaka min. Ƙanena na karatun likita a Debrecen ƙasar Hungari, yana da katin zama na ɗalibi, hutun ga mai zuwa yana son ya leƙa kawunmu a Jamus sai wani ya ce mai ai tuni ya cinye kwana 90 da ake ba baƙo a Shengen (wato rukunin ƙasashen Turai da ake yawo cikinsu da biza guda, har da Hungari da Jamus) tunda ya fi shekara can. Wallahi Hajiyarmu ko barci ba ta yi, cewa take kada a kama mata yaro. Haka abin yake?

Ɗan Argungu:
Wa alaikumus salam Malam. A kwantar wa Hajiya da hankali. Zaman da yake yi a Hungari da katinsa ba ya cikin lissafin ga sam. Sai ranar da ya taka wata ƙasar Shengen ake fara ƙirga mai, kwana 90 cikin kowane kwana 180, kuma fa ƙasashen a haɗe ake lissafa su, ba wai Jamus 90 Faransa ma 90 ba, nan mutane ke ruftawa. Shi 180 ɗin baya ake waiwayawa daga ranar da kake ciki, ba daga Janairu ake somawa ba, ranar shiga da ranar fita kowacce kwana guda ce. Ya riƙe fasfo da katin tare ko da jirgin ƙasa zai hau.

Maman Sadik, Gusau:
Baban Hafsat ni dai ranar ƙarewar katin nake son ku duba. Nawa yaron a Folan yake, da ya kai takardun sabuntawa hatimi suka buga mai a fasfo, hatimin ga zama cikin Folan kaɗai ya halatta mai, bai ba shi damar tsallakawa Jamus ba sai da sabon kati ya fito. Kada yaronku ya fita da katin da ke bakin mutuwa, don Allah.

Ɗan Argungu:
Gaskiya ne Hajiya. Kuma ziyara aka ce, ba aiki ba, katin Hungari bai ba shi izinin aiki a Jamus. Ingila da Ayalan kuwa ba sa cikin Shengen, ɗan Najeriya sai ya nemi bizarsu daban.

Baban Hafsat:
Allah ya saka muku da alheri. Sati 3 kawai zai yi. Bari in ce ya turo min hoton katin ta WhatsApp mu ga kwanan watan kafin ya yanki tikiti.