Duƙushi ɗan shekara 4 ko tsohon hannu?

Uban mahayiya: Assalamu alaikum. 'Yata mai shekara 12 ta yi wata takwas tana koyon tsallaken shinge a kan doki. An nuna mana wani akawal, wato baƙin doki, wai shekararsa 4, kyau kam ba a magana. Sai dai da ta hau, yana ganin shinge ya tirje ya yi tutsu. Dillalin ya ce tare za su girma. In saya?

Mai horo: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kar ka saya. Ɗan koyo a kan ɗan koyo, wa zai koya wa wani? Nemi dandaƙaƙƙen doki mai shekara 10 zuwa 15, wanda ya saba da fili, linzami kaɗan ya ishe shi. Ingarma kuwa ba na yara ba ne. Kuma buɗe bakin dokin da kanka don ka tabbatar da shekarunsa: haƙoran gaba na dindindin ba sa kammala fitowa sai wajen shekara 5.

Tsohuwar mahayiya: Ni na taɓa ƙonewa. Na sayi goɗiya lafiya lau, bayan kwana uku sai ɗingishi, ashe allurar kashe zafi aka yi mata. Kawo likitanka, ba na mai sayarwa ba. Ya lanƙwasa ƙafar dokin na minti ɗaya, a sa shi sassarfa a ƙasa mai tauri, ya ɗebi jini.

Uban mahayiya: Na gode, Hajiya. Yarinyar dai tun jiya take kumbure-kumbure, har suna ta raɗa wa akawal ɗin.