Turancin hoto da na asibiti na ba ni wahala, ta ina zan kamo shi?

MaiHoto_Maradi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema, ku yi haƙuri zan ɗan ja zance. Ni ɗan Maraɗi ne, bokon Faransanci na yi kuma daga BEPC, jarrabawar ƙarshen ƙaramar sakandare, na tsaya. Yau shekara 4 ina Kano ina sana'ar hoto, biki, suna, walimar sauka, duk inda aka kira ni. Turancin kasuwa kam ba a sayar da ni, how much, last price, duk ina ji. Amma akwai wuraren da nake shan ƙasa. Bidiyon koyon hoto na YouTube duk masu kyan da Ingilishi ake yi, mutum zai ta zuba aperture, exposure, shutter speed, ni dai hannunsa kawai nake kallo. Sai asibiti, wanda shi ya fi damuna. Watan jiya Baba ya zame a banɗaki ya bugu a ƙugu na kai shi, likitan ɗan kudu ne Hausarsa ba ta nuna ba, na buɗe baki na ce "my father is blessed" saboda a Faransanci blessé shi ne wanda ya ji rauni, sai likita ya ce Amen yana kallona yana jira in faɗi abin da ya kawo mu. Wallahi har yau in na tuna ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige. Haka wata baturiya da na yi wa aiki na kwana 3, ta ga na yi tagumi ta tambaye ni lafiya, ina so in ce zaman jira ne ya ishe ni sai na ce "I am boring", ta yi ta dariya tana cewa no you are not, ban gane abin dariyar ba sai daga baya.

Na sayi littafi na rubuta kalma wajen 300 da fassararsu na haddace kamar karatun allo, sati 2 babu ko rabi a kaina. Ku ya kuke yi ne?

AntiNas:
Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya ba Baba lafiya ya sa kaffara ne. Blessed ɗin nan ta sa ni dariya ni kaɗai cikin dare ina duti, ka yafe ni.

Bari in taɓa ɓangaren asibiti tunda nan nake kwana nake tashi. Ka daina wahalar da kanka da haddar sunayen cututtuka, likita ba sunan cuta yake so daga bakinka ba, wannan aikinsa ne. Shi so yake ya ji ina ne ke ciwo, wane irin ciwo, tun yaushe, me ke ƙara shi. In ka iya "it hurts here" kana nunawa da yatsa, da "it started three days ago", da "it gets worse at night", ka gama rabin aiki. Sai irin ciwon, a nan ne mutanenmu ke maƙalewa don komai pain suke cewa alhali a Hausa mun rarrabe su tsaf: suka shi ne sharp pain, raɗaɗi kamar an zuba barkono burning, kai na sara ko haƙori na zugi throbbing, ciki na murɗawa cramps. Jiri dizzy, kumburi swollen, ƙafa ta mutu ba ka jin ta numb.

Kuma don Allah kar ka fassara Hausa kalma da kalma. Na taɓa ganin wani ɗan rakiya yana gaya wa likita "her heart is rising", yana nufin zuciyarta na tashi, saura kaɗan a tura baiwar Allah gwajin zuciya alhali amai take ji, nausea ke nan. Ƙwannafi ma heartburn suke ce masa kuma ba ruwansa da zuciya, daga ciki yake tasowa. Wanda ya fi ba mu ciwon kai shi ne shawara da basir. Mutum zai ce shawara ce, to wace? Ido ya yi ɗorawa jaundice ne, alama ce ba cuta ba, tana iya zuwa daga hepatitis, tana iya zuwa daga sikila ko maleriya mai tsanani, yellow fever kuma daban take sauro ke kawo ta. Basir kuwa a wurin Bahaushe komai basir ne, daga kumburin ciki har kasala, piles na Turanci kuma abu ɗaya ne tak a dubura. Gara ka ce idonsa ya yi yellow, ko yana ganin jini a bahaya, ka bar likita ya raɗa wa abin suna.

Wata dabara, duk kalmar da ta ƙare da itis kumburi ne na wani wuri, hepatitis na hanta, arthritis na gaɓoɓi, meningitis sanƙarau. Hyper sama, hypo ƙasa. Wannan ka riƙe shi da kyau in akwai mai ciwon suga a gida, don suga ya hau da suga ya faɗi ba magani ɗaya ba ne.

DanKamara_KD:
Abokin sana'a barka da aiki 😂 ni ma ta nan na bi. Abin da ya cece ni, na shiga menu na kamara na bar ta a English na hana kaina canzawa, wayar ma haka, manhajar gyaran hoto Lightroom ma haka. Tunda kullum hannunka na kai dole su zauna. Ai aikin ka riga ka iya, sunan ne kawai babu. Aperture ƙofar da haske ke shiga ce, f/1.8 ta buɗe wangwam bayan amarya ya narke, f/16 ta tsuke kowa ya fito har mai leƙe ta katanga, ƙaramar lamba babbar ƙofa. Shutter speed saurin ƙiftawa, wurin rawa in ka sauka ƙasa da 1/200 hannuwa za su yi hazo, blurry ke nan. ISO shi ne yadda kamara ke jin haske, 100 da rana, cikin hol da dare ka kai 1600 ko 3200 sai hoton ya fara yashi-yashi, wai shi noise duk da ba ƙara yake yi ba. Exposure kuma jimlar hasken da ukun nan suka tara.

Abin da na lura da shi lokacin da nake jinyar mahaifiyata, kalmomin namu da na asibiti da yawa 'yan gida ɗaya ne. Sharp a wurinmu yabo ne, a wurin Anti kuma suka ne. Blurry hoto, blurred vision ido na hazo. Negative na tsohon fim da muke wankewa, negative na gwaji kuma albishir ne ba a samu cutar ba, wata gwaggona da ta ji kalmar sai da ta fara salati ta zaci mugun abu ne. Shot hoto ne, a bakin Amurkawa kuma allura ce, sannan harbi ne. Shi ya sa in an tsayar da kai a shingen jami'an tsaro da jaka a baya kar ka kuskura ka ce "I am going to shoot the bride", ka ce kawai hoton biki za ka je 😂

MalamNaTuranci:
Sannu ɗana. Kar ka ɗora wa karatun allo laifi. Almajiri ba ya mantawa saboda bayan ya wanke allo yana tilawa, ya maimaita na jiya da na shekaranjiya da na watan jiya. Kai hadda ka yi ba ka yi tilawa ba. Wani Bajamushe Hermann Ebbinghaus ya gwada wannan a kansa ya buga sakamakon a 1885, ya nuna cewa mantuwa ta fi gudu a sa'o'i da kwanakin farko, daga nan sai ta lafa, in kuma ana waiwayar abu da tazara yana daɗa zama. A kan wannan aka gina manhajar Anki, kyauta ce a Android, ita za ta riƙa fito maka da kalma lokacin da ta kusa kuɓucewa. In ba ka son waya, katin kwali ma ya isa. Amma kalma 5 a rana, ba 300 ba, kuma kowace da jimlarta wadda ta shafe ka. Kar ka rubuta swollen kumburi, rubuta "Baba's leg is swollen".

Batun boring, ƙa'idar ba wuya. Mai ed a ƙarshe shi ne wanda abin ya sama, mai ing shi ne wanda ya jawo. I am bored, na ƙosa. I am boring, ni mutum ne mai gundura. Haka tired da tiring, confused da confusing, disappointed da disappointing. Shekaru ina gyara wannan a takardun ɗalibai har 'yan aji 6 suna yi, don haka ba kai kaɗai ba ne.

Inda aikin yake da gaske shi ne kalmomin zuciya, don ba sa hawa kan juna daidai. Ɗauki kunya. Yarinya mai noƙewa gaban baƙi shy ce. Abin da ya same ka gaban likita embarrassed ne. Wanda aka kama da sata ashamed. Kunyar suruki kuwa, ko ta ɗan fari da uwa ba ta kiran sunansa, babu kalma ɗaya da za ta ɗauke ta sai ka yi bayani, haka kara da kawaici. Kishi tsakanin kishiyoyi jealousy, amma kishin ƙasa patriotism, hassada envy. Baƙin ciki sadness ne, amma in aka ce wane ɗan baƙin ciki ne ba sad ake nufi ba, envious ne. Haushi annoyed, fushi angry, takaici ya fi kusa da frustrated, fargaba anxious. Kuma depression ba ɓacin ran yini ɗaya ba ne, ciwo ne da ake zuwa asibiti a kansa, yaran yanzu ƙwallo aka ci su sai su ce suna depression.

Tunda mai hoto ne kai ga tsaraba: photograph daga Girkanci take, haske da rubutu, wato rubutu da haske, ta bazu a 1839. Ka lura da inda ake danna murya, FOtograf amma foTOgrafa. Sunan sana'arka ne, ka iya faɗinsa daidai.

Bazazzage01:
Ni fa ban ga abin wahala ba, ka buɗe Google Translate ka yi magana ta fassara, ko ka nemi nas Bahaushiya. Duk wannan dogon karatu na mene ne.

AntiNas:
@Bazazzage01 ƙarfe 2 na dare mara lafiya na birgima ba netwok, nas ɗaya ce a kan gado 20, ka zo ka nemo masa mai fassara. Kuma na ga abin da wayar ke yi da kalma irin shawara, advice take kawowa.

YarZinder:
Ɗan uwa ni ma lakwal ɗin Faransanci na yi, blessé ba ita kaɗai ce tarko ba. Médecin likita ne amma medicine magani. Ordonnance, takardar magani, ita ce prescription. Palu ka ce malaria. Wadda ta fi haɗari angine, mu ciwon maƙogwaro muke nufi, angina a Ingilishi ciwon ƙirji ne na zuciya, ka ce sore throat kawai. Sensible namu shi ne sensitive nasu, sensible nasu mai hankali ne. Déception namu disappointment, deception nasu yaudara. A wajen aikinka objectif shi ne lens. Amma kar ka raina Faransancinka, manyan kalmomin likitanci kusan duk iri ɗaya ne, fracture, infection, hypertension, diabète, galibi furuci ne kawai ya bambanta. Ƙananan ne irin ache da sore da itch za ka fara daga tushe.

BakoABirmingham:
Ƙari kaɗan daga nan Ingila. In ka ce "I feel sick" su amai suke ɗauka kana ji, "he was sick" kuma sau da yawa ya yi amai ne, rashin lafiya ill ko unwell suke cewa. Purging da muke cewa a gida ba za su gane zawo kake nufi ba, diarrhoea ce. Sannan sannu, ita na fi kewa. Wani ya yi tuntuɓe na ce sorry, ya juyo ya ce ai ba laifinka ba ne. Su "are you alright" suke cewa a wurin.

MaiHoto_Maradi:
Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri ya bar zumunci. Malam maganar tilawa ta shige ni, na yage shafukan nan na fara kati 5 yau. Kamara na mayar English tun jiya, na sha wuya kafin in gano inda format yake, saura kaɗan in share hotunan sunan mutane.

Anti ranar Litinin za mu koma da Baba da hoton ƙashi. A takardar an rubuta no fracture seen, na gane babu karaya tunda kalmar ɗaya ce da tamu. Amma har yanzu in ya taka yana cewa wurin na sukarsa, da safe kuma ƙugun ya ƙage sai an ɗaga shi. Na shirya "he has a sharp pain when he walks", to ƙagewar fa?

AntiNas:
Stiff. "His hip is stiff in the morning". Ka ƙara da "he cannot get up by himself" don likita ya san girman abin, kuma ka tafi da duk magungunan da yake sha a leda har na gargajiya, za a tambaya. Allah ya ƙara sauƙi, ka gaida Baba.