Musayar waƙa: Vernon Ingram da asirin jinin sikila

Malam Mai Tawada (na buɗe fili, amsa-amonmu "ni" ne):

Da sunan Allah zan fara,
Mai ba bawa ilmi ya ƙara,
'Yan'uwa ku matso mu tattara,
Zancen Ingram za mu warwara,
Wanda ya gano aibin cikin jini.

Breslau aka haife shi, ta Jamusawa,
A 1924, ba mantawa,
1938 danginsa suka yi gudowa,
A kwalejin Birkbeck ta Landan ya samu ƙwarewa,
Har ya zam a sinadarai gwani.

Masani Linus Pauling a 1949 ya nuna,
Jinin sikila da lafiyayye in an auna,
A lantarki kowa da inda ya zauna,
Amma ina ne aibin ya kwana?
Wa zai ɗora mana da bayani?

'Yar Ɗakin Gwaji:

Na karɓa Malam, Allah ya biya ka,
A 1956 amsar tambayarka,
Ta fito daga ɗakin gwajin Cavendish, Kambrij, ga ta haka,
Ingram ya zauna bai yi gaggawar yanka,
Hanyar masani Sanger ta binciken insulin ya mai da tsani.

Himogulobin, furotin jan jini, ya tsame, ya ɗan gasa shi,
Zafi ya warware naɗin jikinshi,
Sai ya zuba tirifsin, mai yanka furotin, ya daddatsa shi,
Bayan amino (tubalin furotin) laisin ko arjinin yake yankanshi,
Gutsure kusan talatin suka hau mizani.

Ya ɗiga a takardar tacewa mai laima,
Lantarki ya ja su hagu da dama,
Ya juya ta, ruwan butanol ya hau sama,
Ya fesa ninhaidirin, sai ga alama,
Ɗigo-ɗigo, shunayya ne launi.

Taswira biyu ya jera yana dubawa,
Kowane ɗigo ya yi daidai da ɗan'uwa,
Sai na huɗu kaɗai ya yi kaucewa,
"Zanen yatsa" aka sa wa dabarar tun daɗewa,
Kamar dangwale, ba ya kama da na wani.

Dattijon Tsangaya:

'Yata kin kyauta, amma ki duba,
Tirifsin bai cinye furotin duka ba,
Akwai dunƙulen da bai narke ba,
Sai wani mai yanka, kaimotirifsin, ya zo ya rarraba,
Kafin a ce babu sauran lahani.

A 1957 ya kama ɓarawo,
Sarƙar beta ta himogulobin, amino 146 ne tsawo,
Gurbi na shida, nan tushen ciwo,
Amino gulutamik ya tafi, amino balin aka kawo,
Ɗaya tak! Allah mai iko, abin tunani.

Gulutamik mai caji ne, abokin ruwa,
Balin kamar mai yake, ba ya gaurayuwa,
In oksijin ta ja baya sai su hau mannewa,
Su yi zare, ƙwaya ta zam lauje don lanƙwashewa,
Ta toshe jijiya, ƙashi ya yi zugi da rauni.

Kwana 120 lafiyayyar ƙwaya ke yi,
Ta sikila 10 zuwa 20, sai ƙarancin jini.

Ɗan Zongo:

Baba, a ba ƙarami dama ya tsoma baki,
Ingram da abokin aikinsa Hunt sun ci gaba da aiki,
Himogulobin C suka bi daki-daki,
Gurbin nan dai, laisin ne ya yi masauki,
Arewacin Gana da Burkina aka fi gani.

'Yar Ɗakin Gwaji:

Yauwa ɗan'uwa! Cajin nan da ya ɓata,
Shi gwajin jinotayif yake karanta,
A ruwa mai pH (ma'aunin tsami) 8.6 layuka ke bambanta,
Himogulobin A na gaba, S (na sikila) na bi, C a baya ya kwanta,
A sa sanannen samfuri gefe don auni.

Ga inda ake tuntuɓe, ku saurara,
Mai SS in jinin wani aka ƙara,
Yana iya fitowa AS, don haka a jira,
Wata uku, a sake ɗiba a gyara,
Kar a ɗaura aure kan jinin wani.

Gwajin sinadarin metabaisalfait kashi 2 cikin ɗari,
Lauje kawai yake nunawa da sauri,
Bai raba AS da SS, nan ne haɗari,
Jariri kuwa HbF, himogulobin ɗan tayi, ya cika masa wuri,
Himogulobin D da G ma kan hau layin S, a sani.

Malam Mai Tawada:

Madalla Malama, kin haska hanya,
1958 Ingram ya nufi jami'ar MIT ta Amurka da niyya,
Ta shekara guda, sai ya zauna gaba ɗaya,
Cutar Alzheimer ya bincika daga baya,
2006 ya rasu, ya bar aiki mai amfani.

Uban likitancin ƙwayoyin halitta ake ce masa,
Don shi ya fara nunawa da gwajinsa,
Canjin amino guda, cuta ta bi bayansa,
AS da AS, kowane ciki da rabonsa,
Ɗaya cikin huɗu SS, ko da an haifi wani.

Saura maganin haidiroksiyuriya da yadda yake ɗaga HbF,
Ɗan Zongo, alƙalami na hannunka, kawo batun magani.