Akwatin layin waya a motar lantarki ta hannu: abin da muka gani a Yamai da Tawa

Ma'aikaci, unguwar Yantala, Yamai

Assalamu alaikum, ƴan'uwa. Ina cikin cinikin wata motar lantarki ta hannu wadda ta shigo ta Lome, asalinta kuma daga Amurka aka ɗauko ta. Mun gwada batirin, takardun duwan ma sun cika, sai dai dillalin yana ta nanata cewa motar tana haɗuwa da waya, yana kuma neman ɗora kuɗi a kan hakan. Abin da nake buƙata shi ne in iya kunna na'urar sanyi tun ina cikin ofis a zafin watan Afrilu, in kuma sani daga kan gadona idan caji ya tsaya saboda an ɗauke wuta cikin dare. Ina roƙon waɗanda suka riga ni sayen irin waɗannan motoci su gaya mani abin da suka tarar, da abin da ya kamata in duba kafin in miƙa kuɗi.

Mai gyaran lantarkin mota, Bukoki

Wa alaikumus salam, Malam. Mafi yawan dillalan da suke cewa mota tana haɗuwa da waya ba ƙarya suke nufi ba, Bluetooth suke nufi, wato ka saurari karatu ko ka amsa kira kana tuƙi. Abin da kake so dabam yake. Shi yana buƙatar wani ƙaramin akwati da ake kira TCU, wanda yake ɓoye a bayan allon gaba, ko bayan akwatin ajiyar takardu, ko ƙarƙashin kujera, gwargwadon ƙirar motar. A cikinsa akwai modem, wato na'urar da take kama rezo, da katin SIM nasa na kansa, kuma wata waya tana haɗa shi da eriyar da take kan rufi. Katin nan galibi an like shi da dalma a jikin faifan akwatin, ba irin wanda ake zarewa da tsinke a sa na Airtel ko na Moov ba ne.

Gwajin da nake yi wa duk wanda ya kawo mani mota kafin ya saya ba ya buƙatar wani kayan aiki. Ka ce wa mai motar ya kashe Bluetooth da WiFi a wayarsa, a kulle motar, ku taka ku yi nisa da ita har ku sha kwana, sa'an nan ya kunna na'urar sanyi ta manhajar kamfanin motar da take cikin wayarsa. Ku dawo ku buɗe ƙofa. Idan sanyi ya tarbe ku, akwatin yana aiki a rezon Nijar, ba sai wani ya rantse maka ba. Idan ya ce ai manhajar tana wajen mai motar na farko, ko sai an yi rajista tukuna, to ka yi ciniki kamar abin ba ya nan. Bayan haka ka shiga saitin allon motar ka nemi shafin da yake nuna lambar IMEI, wato lambar shaidar modem ɗin, mai lamba 15, da lambar katin SIM. Na sha ganin gurbin nan fayau, ko cike da taurari, kuma idan na kwance allon sai in tarar an cire akwatin tun can waje, ko ruwa ya shige shi har ƙafafun soket ɗin sun yi kore. Motar da ambaliya ta taɓa ci tana yawan tona kanta ta nan.

Injiniyan sadarwa, Plateau

Maigida ya faɗi gaskiya, zan dai ƙara dalilin abin, domin aikina ke nan. Kafin manhajar ta yi aiki sai abubuwa uku sun daidaita a lokaci guda: modem ɗin ya iya jin eriyoyinmu, katin SIM ɗin ya sami izinin hawa rezon wani kamfani na nan, sa'an nan kwamfutocin kamfanin da ya ƙera motar su yarda su amsa. Ko ɗaya ya faɗi, sauran biyun ba su da amfani.

Batun na farko shi ne ya fi shafar motocin Amurka. Kamar dai rediyon da aka ƙera don FM kaɗai, wanda ba zai taɓa kamo tashar gajeren zango ba komai ƙarfinta, kowane modem yana da zangunan da yake ji. A nan 2G yana tafiya ne a kan megahaz 900 da 1800, kamar a Turai, alhali a Amurka 850 da 1900 suka yi amfani da su. A 4G ma bambancin yana nan, domin su suna dogara sosai da 700 da 1700 da 1900. Akwai modem masu jin zanguna da yawa, akwai kuma waɗanda aka ƙera don kasuwa ɗaya tak, shi ya sa gwajin da aka kwatanta a sama ya fi duk wani hasashe.

Sai kuma shekarar ƙira. Motocin Nissan Leaf na farko da aka sayar a Amurka, daga 2011 zuwa 2015, da modem na 2G suka fito, kuma kamfanin sadarwa na AT&T ya rufe 2G ɗinsa a farkon 2017. An sauya wa wasu akwati zuwa 3G, shi ma AT&T ya rufe shi a watan Fabrairun 2022, rufewar da ta shafi BMW i3 na shekarun farko da Volkswagen e-Golf. Tesla ya sanar cewa Model S da aka ƙera kafin Yunin 2015 sai an sauya musu modem zuwa LTE, wato 4G, a kan dalar Amurka 200 a lokacin. Wani zai ce ai mu a Nijar 2G da 3G suna nan daram, saboda haka tsohon akwati zai farfaɗo idan ya iso. Ina ma haka ne. A Birtaniya, Nissan ya rufe manhajar Leaf da e-NV200 na kafin 2016 tun ranar 1 ga Agustan 2024, kuma idan kamfani ya kashe hidimar daga wajensa, ko motar tana tsaye a gindin eriya ba wanda zai amsa mata. Malam, ka duba harafi na goma a lambar shasi mai gurbi 17, domin a motocin Amurka shi ne yake nuna shekarar ƙira, ba abin da aka rubuta a gilashi da alli ba.

Hajiya, ƴar kasuwa, Koira Kano

Ɗana, tawa daga Turai ta zo, kuma akwatinta lafiya lau yake, har allon yana nuna sandunan rezo idan ina cikin gari. Duk da haka manhajar ba ta taɓa buɗe mani ba, domin wajen rajista ta nemi in zaɓi ƙasar da nake, kuma babu Nijar a jerin. Yarona da yake karatu a waje ya buɗe asusu da adireshinsa, abin ya yi aiki na ɗan lokaci, daga baya ya tsaya, aka ce mana kwangilar layin ba ta shafi motar da ta zauna dindindin a wajen nahiyarsu ba. Akwai kuma wani jan maɓalli a saman madubi mai rubutun SOS, wanda dillali ya nuna mani da alfahari. An bayyana mani cewa tsarin kiran gaggawa ne na Turai, mai buga 112, wanda aka wajabta wa sababbin ƙirar motoci a can tun 2018, kuma ba a tsara shi don hanyar Doso ba.

Amma ina so ka kwantar da hankalinka a kan abu guda: motar tana tafiya sumul, ba ta taɓa tsaya mani saboda wannan ba. Agogon da yake cikin allon motar ba ya buƙatar rezo, da shi nake saita lokacin caji da lokacin da sanyi zai kunna kansa kafin in fito daga shago. Abin da na rasa shi ne sanin halin da take ciki daga nesa, kuma a lokacin zafi, da wuta take yawan ɗaukewa, wannan rashi ne na gaske, domin sai na aiki yaro da tocila ya je ya duba ko caji ya ci gaba bayan wutar ta dawo.

Alhaji, mai shagon kayan sola, Tawa

Ni tawa ƙirar China ce, irin waɗanda aka yi don kasuwarsu ta cikin gida aka fito da su ta hannun ƴan kasuwa. Katin da yake cikinta na wani kamfanin waya ne na can, an yi masa rajista da sunan wanda ya fara sayen motar, manhajar kuma ba ta karɓar kowace lamba sai mai farawa da +86. Taswirar da take allon ta garuruwan China ce. Abin da nake yi shi ne in buɗe wa motar intanet daga wayata idan na shiga, sai allon ya samu, amma da na fita da wayar a aljihu zancen ya ƙare. Wani abokina a Birnin Ƙonni ya yi sa'a, tasa tana da ramin SIM a cikin akwatin da ake ɗora hannu, ya sa layin Zamani ya sami intanet a allo, sai dai buɗe ƙofa da kunna sanyi daga nesa shi ma bai samu ba.

Abin da ya fi damuna dabam ne, kuma shi nake so a tattauna. Idan na yi tafiya na bar ta a gida kwanaki, ina dawowa sai in tarar ta mutu murus, ko ƙofa ba ta buɗewa da makulli mai latsawa, alhali babban batirin yana cike. Ƙaramin batirin nan mai bolt 12 ne yake zubewa. Na sauya shi da sabo, abin bai daina ba. A Tawa masu taɓa irin wannan mota ƙalilan ne, kuma kai ta Yamai tafiya ce ta fiye da kilomita 500, wadda caji ɗaya ba zai kai ni ba.

Ɗalibi, Harobanda

Iyayena, ku ba ni dama in ƙara wani gefe da ba a taɓo ba, wato idan akwatin yana aiki. Yayana ya sayi mota a hannun wani ma'aikacin ƙungiya da ya gama aikinsa zai koma ƙasarsu, kuma layin motar yana aiki a nan. Ranar miƙa makulli, mutumin da kansa ya nuna mana wayarsa: ga motar a taswira tsaye a ƙofar gidanmu, ga maɓallin buɗe ƙofa, ga jerin wuraren da ta je. Ya cire ta daga asusunsa muna kallo, muka kuma maida allon yadda ya fito daga masana'anta, domin adireshin gidansa da lambobin mutanensa duk suna ciki. Da ya hau jirgi ba a yi haka ba, da yayana yana yawo da motar da wani yake iya bibiya daga wata nahiya, kuma wasu kamfanoni ba sa yarda sabon mai mota ya yi rajista sai tsohon ya sake ta ko an aika musu takardun mallaka. Saboda haka a sa wannan cikin sharuɗɗan ciniki, a yi shi kafin a biya cikon kuɗi.

Mai gyaran lantarkin mota, Bukoki

Alhaji, ranka ya daɗe, alamun da ka kwatanta na san su. Bayan an kulle mota, na'urorinta suna yin barci cikin ƴan mintoci, wutar da suke sha ta sauko ƙasa sosai. Akwatin da yake neman rezon da ba zai samu ba wani lokaci yakan ƙi kwanciya, ya yi ta nema dare da rana, har ya tashi wasu na'urorin tare da shi. Ba zan ce lalle shi ne ba sai an auna, domin abin bin sawu da wasu suke ɗaurawa daga baya, ko kyamarar gaban gilashi, su ma suna yin haka. Duk mai gyaran lantarki na kirki a Tawa zai iya gwajin. Ya ɗaura mita a kan ƙaramin batirin, a kulle motar, a jira kamar rabin awa a ga ko wutar ta sauka, in ba ta sauka ba ya riƙa zare fiyus ɗaya bayan ɗaya har a ga wanda ya saukar da ita. Ka gargaɗe shi kada ya kusanci wayoyi masu ruwan lemo, domin su ne na babban batiri, kuma suna kisa.

Idan ta tabbata akwatin ne, kada a sa almakashi a yanke. A wasu motoci wayar makirfo da ta lasifikar gaba ta cikinsa suke bi, saboda kiran gaggawa, kuma da an cire shi sai a daina jin ka idan ka amsa waya, ko wata fitilar gargaɗi ta kama ta ƙi mutuwa. A fara da zare fiyus ɗinsa idan yana da nasa shi kaɗai, a gwada kira da rediyo, a bar motar ta kwana biyu a ga yadda batirin zai yi. Idan fiyus ɗin na tarayya ne da wasu na'urori, sai a cire soket ɗin a naɗe bakinsa da kyau saboda ƙura, a kuma ajiye akwatin tare da takardun motar, domin wanda zai saya a hannunka wata rana zai tambaye shi.