Wa ya taɓa yawon daji a shekarar fari? Wane fure da tsuntsaye kuka gani?

Ɗan Azbin: Salamu alaikum jama'a. Gardama muke da wani abokina, wai in ruwa bai sauka ba babu abin kallo a sahara sai rairayi da ƙashin dabbobi. Ni dai na taka ƙafa daga Timia zuwa dutsen Bagzan a shekarar da damina ta ƙi, ciyawa kam babu ko ta rantsuwa amma tumfafiya a cikin busassun koramu tana ta fure abinta, fari da shunayya, ganye kore shar tunda dabba ba ta son madarar nan tata. Ga kuma ɗan tsuntsun nan baƙi mai farar hula da Buzaye ke ce wa mula-mula, in kun zauna shan shayi har kusa da ku yake saukowa, sun ce alheri yake kawowa. Kowa ya faɗi abin da ya gani.

Na Yusufari: Wa alaikumus salam. Mu a Tulo-Tulowa sama tudun rairayi ne fayau, amma ka gangara kwari sai goruba da dabino don ruwa ba nisa a ƙasa. In tsuntsaye kake nema ka zauna kusa da ruwa da sassafe, kurciyoyi ne zasu fara zuwa, sannan wasu masu kama da tattabara launin ƙasa su sauko garke guda. Namijin yana jiƙa gashin cikinsa ya tashi da ruwan ya kai wa 'ya'yansa can cikin daji, wallahi sai da na ga yana tsoma ciki na yarda.

Hajiya 'yar Damagaram: Ku yaran yanzu fure kuke gani, mu a farin 1984 abinci muke nema a dajin nan. Anza ce ta riƙe mutane, ita ba ruwanta da fari, ganyenta baya zuba. A tsinko 'ya'yan a fasa a jiƙa kwana da kwanaki ana sake ruwa don ɗacin ya fita, shine dilo, wanda ya yi gaggawa ya ci haka nan sai ciwo. Furenta ƙanana ne ba wani kyau amma akwai ƙamshi.

Ɗan Azbin: Allah ya ƙara lafiya Hajiya, Allah kar ya maimaita mana.

Bamaguje: Amin. Ni abin da ya bani mamaki tsaida ce, yayyafi ɗaya aka yi a fili da ka rantse ya mutu, bayan 'yan kwanaki sai ga ta ta shimfiɗu da furanni rawaya, ashe irin yana kwance a ƙasa. Sai dai ka sa takalmi mai kauri don ita da ƙarangiya basu da mutunci. Shamuwa kuwa shekarar ta makara sosai, tsofaffi sai kallon sama suke.

Na Yusufari: Ɗan Azbin jimina fa, akwai saura a wajenku?

Ɗan Azbin: Ina! Ta ƙare a daji tuni, sai dai waɗanda ake kiwo a wurare irin su Kelle wajen Gure. Hankaka dai suna nan birjik a bakin kowace rijiya.